Zanin Gadon Da Bai Koɗe Ba

Shafi na 17

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, har da mai rubuto min wai na iya ja wa mutane rai, to ga shi nan. Wanda yake cin abinci ya gama ya wanke hannu kafin ya karanta. Na dai faɗa muku.

*

Yau ban kira ba.

Tun da aka sallamo Mama daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jikin da ta same ta, doka ɗaya Yaya ya kafa mana a gidansa: duk mai zuwa dubiya ya kira tukuna. Wai likita ya ce yawan shige da fice yana wahalar da ita. Muka bi, don shi ne babba, kuma shi ya bugi ƙirji a gaban dangi ya ce uwarsa ba za ta yi jinya a gidan kowa ba sai nasa.

Abin da ya fito da ni daga shago da hantsin nan kuwa, zanin gado ne.

Ni na ɗinka wa Mama zannuwan gadonta da hannuna, na sa musu roba a kusurwa don kada su riƙa zamewa. Kullum sai Yaya ya turo hoto a guruf ɗin dangi. Ga Mama a kan gadon asibiti mai tashi da sauka, an lulluɓe ta har wuya, ga shi durƙushe da cokali a hannu. Dangi kuma su yi ta zuba masa albarka kamar an buɗe famfo.

Jiya da nake jiran mai karɓar ɗinki na ja hoton da yatsa na ƙara masa girma. Shuɗin zanin yana nan daram kamar ranar da na yanko shi, har da layin guga. Ni tela ce, na san yadin nan, wanki biyu yake fara koɗewa. Macen da ba ta iya riƙe fitsari, wata da watanni a kan zani ɗaya, a ce zanin bai taɓa ganin ruwa ba?

Na ƙwanƙwasa ƙofar falo. Anti, matar Yaya, ita ta buɗe. Da safar hannu ta roba, da bokiti, ɗankwalinta ya zame gefe.

Tana ganina ta daskare.

"Tela? Ba ki kira ba."

"Na manta lambar gidan."

"Ai... ai Mama tana barci. Ki zauna a falo in kawo miki ruwa."

"Na sha a hanya."

Na raɓa ta gefenta na wuce. Tana bina tana kiran sunana, ruwan bokiti yana fantsama a ƙasa. Na tura ƙofar ɗakin baƙi, ɗakin da muka saba samun Mama duk zuwan da muka yi da izini.

Gadon yana nan. Zanina yana kai a shimfiɗe, ko lanƙwasa babu, an rufe shi da farar leda don kada ƙura ta taɓa shi. Katifar iskar da likita ya ce lallai a kwantar da ita a kai don kada bayanta ya ci, wayarta tana naɗe a ƙasa ko soket ba ta gani ba. Furen roba a kan tebur, kwalbar turare kusa da shi.

Babu Mama.

"Ina uwata?"

Anti ta ajiye bokitin.

"Ina uwata, Anti?"

Da ido ta nuna min hanyar kicin.

Hancina ne ya kai ni sauran hanyar. Tun daga bakin kicin zarni ya tare ni, da wani wari a ƙarƙashinsa wanda ban taɓa jin irinsa ba, mai nauyi, mai maƙalewa a maƙogwaro. A bayan kicin akwai sito, inda Yaya yake jibge tsofaffin tayoyi da kwalaye da injin wutar da ya mutu. Na tura ƙofar.

Wallahi sai da na dafa bango.

Mama tana ƙasa a kan wata 'yar katifa da ta lotse, an shimfiɗa mata leda, ledar ta tara ruwa a tsakiya. Taga ɗaya ce can sama, ita ma an toshe rabinta da kwali. Ƙudaje suna tashi suna sauka a kan kofin da ke gefen kanta. Matar da a da ko ɗankwali ba ta ɗaurawa sai ta goge shi.

"Mama."

Ta juyo da ido. Tun da ciwon ya same ta magana ta ɗauke, hannun dama da ƙafar dama sun mutu, sai hagu kawai yake aiki. Ina zaton za ta miƙo min hannun nan. Ba ta miƙo ba. Zaninta ta kama tana ja da sauri, tana ƙoƙarin rufe ƙugunta.

Na durƙusa na taɓa goshinta. Zafi rau.

"Bari in gani, Mama."

Ta riƙe zanin tana girgiza kai.

"Don Allah ki bari."

Na zare yatsunta a hankali, na juya ta kan gefenta. Abin da na gani a ƙasan bayanta ba zan iya rubuta muku shi duka ba. Gyambo ne kamar faɗin tafin hannuna, gefensa ya yi baƙi, tsakiyarsa ya zurma, an cusa masa auduga audugar ta manne da mugunya. Daga nan warin yake fitowa.

Amai ya taso min. Na haɗiye shi da ƙyar, don kada ta gani ta ɗauka ita nake ƙyama. Ba ita ba ce. Allah ya sani ba ita nake ƙyama ba.

Na miƙe na fito kicin. Anti tana tsaye jikin firji ta haɗa hannu a ƙirji.

"Tun yaushe?"

"Tela, ki tsaya ki ji."

"Tun yaushe take kwana a sito?"

"Tun satin da aka sallamo ta."

Na yi dariya, irin wadda ba ta da haɗi da daɗi.

"To mu da muke zuwa fa? Wa muke gani a kan gadon can?"

"Ita ce. In kun kira, ko in zai ɗauki hoto, sai mu goge ta, mu canja mata kaya, mu ɗora ta. Kuna fita a mayar da ita."

"Kamar kayan talla."

"Kada ki kalle ni haka!" Muryarta ta fashe. "Kada ki kuskura ki kalle ni haka. Ni nake kwashe kashinta. Ni nake ɗaga ta ni kaɗai har bayana ya daina miƙewa. Kin ga hannuna?"

Ta fizge safar. Fatar yatsunta duk ta tsage saboda sabulu da ruwan bilic.

"Da akwai mai kula da ita da muka ɗauka. Rannan ta tsaya a bakin get tana hira da maƙwabciya, yayanku ya kore ta, wai za ta fitar da sirrin gida. Mai zuwa motsa mata jiki ma ya ce wannan ɗakin bai dace ba, shi ma aka ce ya huta. Na ce a kira ki ki riƙa kama min. Ya ce in na buɗe baki in haɗa kayana."

"Gyambon fa? Ya gani?"

"Na faɗa masa ya fi a ƙirga."

"Ya gani na ce."

Ta sunkuyar da kai.

"Bai taɓa shiga siton ba. Daga bakin kicin yake gaishe ta. Ya ce zuciyarsa ba ta iya ɗauka."

Zuciyarsa. Mutumin da yake rubuta mana dogon wa'azi a guruf kan haƙƙin iyaye, har da hoton hannunsa riƙe da nata.

"Cokalin da yake riƙewa a hoto fa?"

"Babu komai a ciki."

Na ciro waya na kira mai tasin da ke kai min kaya kasuwa. Na ce ya zo yanzu, ya kwantar da kujerar gaba, asibiti za mu. Ya ce yana hanya.

Ina kashe wayar muka ji ƙarar mota a tsakar gida. Anti ta zaro ido.

"Shi ne. Kawu ya kira da safe ya ce zai zo bayan azahar. Ya dawo ne mu shirya ta."

Yaya ya shigo yana kaɗa makulli, rigarsa fara ƙal, ƙamshinsa ya riga shi isowa.

"Ke, kin ɗora ruwan zafin kuwa? Mutumin nan ba ya saɓa lo..."

Ya gan ni. Ya ga ƙofar sito a buɗe.

Kun san me ya fara yi? Bai tambayi jikinta ba. Tagar kicin ya je ya rufe.

"Wa ya ba ki izinin zuwa?"

"Sannu da aiki, Yaya."

"Tambayarki nake."

"Na zo dubiya ne. Na duba gadon, yana nan lafiya, ko ƙwarzane babu. Allah ya ƙara masa sauƙi."

"Rage muryarki. Akwai maƙwabta."

"Shiga ka gan ta."

"Na san halin da take ciki."

"Ba ka sani ba. Shiga."

Ya ciro hankici ya ɗan kai hanci, ya ga ina kallonsa, ya mayar aljihu.

"Ke ba ki san komai ba, Tela. Daren farko a kan gadon ta kwana. Da safe gidan nan gaba ɗaya ba ya shiguwa. Falona yana jikin ɗakin, manyan mutane suke zuwa wurina. In katifar ta sha fitsari wa zai iya zama ya gaishe ta? Don mutuncinta na yi."

"Mutuncinta."

"Eh, mutuncinta. So kike a riƙa toshe hanci a kanta?"

"Ai ga ka nan kana toshewa."

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni. Na matso na ba shi kumatun. Ya sauke.

"Katifar nan likita ya ce a sa ta a kai saboda bayanta," na ce. "Ka ajiye katifa tana hutawa, bayan ya ruɓe. Jikinta kamar wuta. In abin nan ya shiga jini, sai ka samu hoton da ya fi kowanne tara addu'a."

"Allah ya sawwaƙe! Wane irin baki gare ki?"

"Asibiti zan kai ta yanzu. In an sallame ta kuma gidana za ta."

"Gidanki?" Ya yi tsaki. "Ciki da falon bayan shago? Ina raye, da gida mai hawa, a ce uwata tana kwance kusa da keken ɗinki? Me za a ce da ni?"

"Za a ce tana da taga."

"Ba inda za ta. Ni ne babba. Kawu da kansa ya yanke cewa a nan za ta zauna, ke ba ki isa ki warware maganarsa ba. Gobe zan kira wani ya zo gida ya wanke ciwon, shiru, ba wanda ya ji."

"Goben nan nawa ka yi wa Anti?"

Ya juya kan matarsa.

"Ke kika kira ta ko? Munafuka."

Anti ta wuce shi ta shiga ɗakin baƙi, ta turo keken marasa lafiya, shi ma ƙal da shi, tayarsa ko datti babu. Ta tsayar da shi a bakin sito.

"Kama kafaɗun," ta ce da ni. "Ni zan kama ƙafa. Kada ki bari bayan ya gogi komai."

Muka ɗaga Mama. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya ƙara karya min zuciya. Ta yi wani nishi da muka zaunar da ita, na tura filo ta gefe don gyambon ya samu sarari. Zaninta a jiƙe yake sharkaf, amma ban tsaya neman wani ba. Yaya yana tsaye a bakin kicin ya kau da fuska, kamar muna wucewa da kwandon shara.

Na tura keken muka fito dogon lungun da ya raba kicin da falo. Ƙofar ɗakin baƙi tana hannun hagu, ƙofar fita tana gabanmu.

Sai aka ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum."

Ba mai tasi ba ne. Muryar Kawu ce, ƙanin Mama, wanda in ya yi magana a danginmu ba mai ƙarawa. Da wasu muryoyin a bayansa, ya taho da mutane.

Fuskar Yaya ta canja a take. Gumi ya tsattsafo masa.

"Ya ce sai bayan azahar," ya faɗa cikin raɗa. "Ya ce sai bayan azahar!"

Ya ruga ɗakin baƙi. Na ji ƙarar ledar da ya yaye daga kan gado. Ya fito da bargo a hannu ɗaya, kwalbar turare a ɗayan, ya zube a gabana a kan gwiwa. Tunda nake ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a hoto.

"Tela, don girman Allah. 'Yan mintoci kawai. Mu ɗora ta su gaisa su tafi. Suna fita ki kai ta duk inda kike so, ni da kaina zan tuƙa ku."

"Ƙarya kake."

"Na rantse miki."

"Kawu zai gan ta a kan gado mai kyau, ya sa maka albarka, ya ce kada wanda ya motsa ta. Kafin la'asar ta koma wurin tayoyi."

"Rufa min asiri. Ni yayanki ne."

Bai jira amsata ba. Ya fara fesa turaren. A kan zanin da ya jiƙe da fitsari, a kan kafaɗarta, a kan gashinta da ya cukurkuɗe, yana fesawa yana kau da kai. Ƙamshin ya haɗu da warin gyambo ya zama wani abu da har in mutu ba zan manta ba. Mama ta fara tari.

Na buge kwalbar ta faɗi ta gangara ƙarƙashin kujera.

"Salamu alaikum! Ko ba kowa ne?"

Na kama keken zan tura. Sai na ji an riƙe min wuyan hannu.

Mama ce.

Da hannunta na hagu ta riƙe ni, da ƙarfin da ban san ya rage mata ba. Na sunkuyo.

"Na'am, Mama. Yanzu za mu tafi. Kada ki ji tsoro."

Ta girgiza kai. Ta ja hannuna zuwa hagu.

Ban gane ba da farko. Ta sake ja. Idonta ya bar fuskata ya tafi kan ƙofar ɗakin baƙi, ya dawo kan ɗanta da ke durƙushe, ya sake komawa ƙofar. Bakinta da ya karkace yana motsi, sauti yana fita ba kalma.

"Mama, a'a."

Ta ƙara matse ni. Hawaye ya gangaro mata ta ido ɗaya.

"Kullum haka take," Anti ta ce a hankali daga bayana. "In za ku zo, ita take nuna min inda zan ja bargo ya rufe. Ranar da ƙaninku Auta ya zo daga makaranta ciwon yana mata zugi, amma ta yi ta masa murmushi har ya tafi."

Na kalli uwata. Ya jefa ta cikin kwalaye, ya kasa taka ƙofar ɗakinta, naman bayanta yana zagwanyewa, amma abin da ya dame ta kada ƙaninta ya ga laifin ɗanta. Na rasa wanda zan ji haushi. Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi ta ihu.

Yaya ya ga abin da take yi. Wallahi sai na ga ransa ya dawo. Ya miƙe yana kaɗe gwiwar wandonsa.

"Kin gani ko? Ita da kanta ta zaɓa. Matsa."

Ya warware bargon, ya riƙe shi da bakin yatsu don kada ya taɓa jikinta.

"Salamu alaikum, mutanen gida!"

Sallama ta uku ke nan. In ba a amsa ba Kawu zai juya ya jira a mota, Yaya ya samu mintocin da yake nema.

Hannun Mama yana kan nawa, zafin jikinta yana ratsa fatata. Idonta yana roƙona abin da ba ta taɓa roƙona ba tun da ta haife ni.

Na sunkuya daidai kunnenta.

"Ki yafe min, Mama. Na fi son ki yi fushi da ni kina raye."

Na fizge bargon daga hannun Yaya na jefar bayana. Na ɗaga murya yadda har maƙwabtan da yake tsoro za su ji.

"Wa alaikumus salam, Kawu! A buɗe take, ku shigo!"

Yatsun Mama suka saki hannuna ɗaya bayan ɗaya. Ta juyar da fuskarta bango, ta rufe ido.

Aka murɗa mariƙin ƙofa.